Daniel McCallum, Kafintan da Ya Tsara Aikin Jirgin Ƙasa

A wannan wata darasinmu a kan wani mutum ne wanda yawancin masu karatu ba su taɓa jin sunansa ba, ko da ya ke duk wanda ya taɓa shiga ofis, ko asibiti, ko babbar makaranta, ya ga jikan aikinsa a manne jikin bango. Ina nufin takardan nan da a kan zana, a sa shugaba, a ja layi zuwa mataimakinsa, daga nan zuwa akawu, har a gangara kan masinja, domin kowa ya san wanda ke bisansa da wanda ke ƙarƙashinsa. Masana tarihi suna lissafta zanen da Daniel Craig McCallum ya shirya a 1855 shi ne na fari irin na zamani da aka yi wa wani babban kamfani. Mutumin kuwa kafinta ne tun asali. Ya zama mai gina gadoji, ya zama manajan jirgin ƙasa, daga baya har ya zama Janar na soja, ba kuwa don ya taɓa jan runduna zuwa bakin daga ba.

An haife shi ran 21 ga Janairu, 1815, a garin Johnstone cikin ƙasar Sikotland, arewa da Ingila. Ubansa tela ne. A 1822 iyayensa suka ƙaura zuwa Amurka, suka zauna a Rochester cikin jihar Niyu Yok. Yaron bai yi nisa cikin karatu ba, elementare kaɗai ya yi. Bai kuwa so allura da almakashi irin na ubansa ba, sai ya shiga koyon aikin kafinta. Kaɗan kaɗan ya gwanance, har ya kai ga zana fasalin manyan gine-gine a Rochester.

Daga nan hankalinsa ya koma kan gadoji. A zamanin nan da katako a ke yin yawancin gadojin jirgin ƙasa a Amurka, gama itace yana da araha, ƙarfe kuwa da tsada. Aibin gadar katako shi ne, in jirgi mai nauyi ya hau sai ta riƙa lanƙwasawa tana rawa, yau da gobe mahaɗanta su saki. McCallum ya ƙago wata irin gada wadda katakon bisanta ya tanƙwara kamar baka, ga kuma tokarai da suka taso daga gindinta a kowane gefe suna riƙe da ita, har ta tsaya ƙyam ba ta motsi. A 1851 gwamnati ta ba shi takardar shaida cewa shi ya ƙago ta. Kamfanin jirgin ƙasa da a ke kira New York and Erie shi ne ya ɗauke shi aikin gadoji. Ba a daɗe ba aka ba shi riƙon wani yanki na hanyar, a 1854 kuma aka ɗora shi bisa hanyar duka.

Wahalar doguwar hanya

Sai mu tsaya mu duba irin kayan da aka aza masa. An gama hanyar Erie a 1851. Ta tashi daga Piermont a bakin kogin Hudson, ta bi ta duwatsu da kurmi har Dunkirk a bakin tafkin Erie, kusan mil 450, ban da rassanta. Ba hanyar jirgi da ta kai ta tsawo a Amurka a lokacin. Ma'aikatanta sun kai wajen 5,000, a warwatse cikin tashoshi, yawancinsu manaja bai taɓa ganin fuskarsu ba. Galibin hanyar kuwa dogo guda ne, mai tafiya da mai komowa duk a kansa su ke bi, sai a tasha su ke kauce wa juna. In wani ya yi latti, wani kuma ya gaji da jira ya taso, to, kun san abin da zai biyo baya. An riga an gani a wata hanya, ta Western cikin jihar Massachusetts, inda ran 5 ga Oktoba, 1841, jiragen fasinja biyu suka yi karo gaba da gaba, mutum 2 suka mutu, 17 suka ji ciwo.

Akwai abu guda da Erie ta riga sauran, watau wayar tangaraho. A 1851 Charles Minot, wanda McCallum ya gāda, yana cikin wani jirgi da ya tsaya a tashar Turner yana jiran mai zuwa daga yamma. Da jira ya yi tsawo, sai Minot ya buga waya zuwa Goshen, wata tasha da ke gabansu, aka ce masa jirgin bai iso can ba. Ya ba da umurni a tsare shi in ya iso, sa'an nan ya ce wa direbansa su tafi. Direba ya ƙi, gama bai yarda ya sa ransa a hannun wata waya ba. Minot ya hau inji da kansa ya tuƙa. Ran nan aka soma tafiyad da jirage da waya a Amurka. Amma waya kawai ta ke, ba ta san wanda ya kamata ya yi magana ba, ko wanda ya kamata ya ji. Wannan shi ne aikin da ya rage wa McCallum.

Cikin rahoton da ya rubuta wa shugaban kamfani a kan aikin shekara ta 1855, ya kawo wata tambaya wadda ta dami masu jirage duka. Bisa ga lissafi, doguwar hanya ya kamata ta fi gajeruwa arahar ɗaukar kaya a kowane mil, tun da ya ke kayanta sun fi yawa. Amma da aka duba littattafai sai aka tarar akasin haka ne, ƙananan kamfanoni suna cin riba, manya suna hasara. Me ya sa? Amsarsa ita ce, manajan hanya mai mil 50 yana iya zagaya ta kullum, ya san kowane ma'aikaci da sunansa, kowace matsala a gabansa a ke kawo ta, ko tsarinsa ba shi da kyau idonsa zai cike gurbin. Mai mil 500 fa? Idonsa ba ya kai wa. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. McCallum ya ce ba tsawon hanya ke jawo hasara ba, rashin tsarin da ya dace da tsawon ne.

To, ga yadda ya shirya abin. Da fari a raba aiki sosai, kowa ya san nasa. Wanda aka ba shi aiki kuma a ba shi iko daidai da nauyin da aka ɗora masa, kada a ce mutum ya amsa laifin abin da ba a ba shi ikon gyarawa ba. Ku riƙe wannan da kyau, gama za mu komo kansa. Kowane ma'aikaci daga bakin wanda ke bisansa kaɗai zai karɓi umurni, shi kaɗai kuma zai ba lissafi. Shugaban yanki yana da iko ya ɗauki mutanen da zai amsa dominsu, ya kuma sallame su, da yardar na gaba da shi. Har rigunan aiki aka yi wa ma'aikata, da alamar da ke nuna matsayin kowa.

Sa'an nan sai rahoto, nan ne kuwa gwanintarsa ta fi fitowa. Kowace sa'a a kan buga waya zuwa babban ofis a faɗi inda kowane jirgi ya ke, in ya yi latti a faɗi dalili, akawuna suna rubutawa cikin jadawali. Kowace rana kwandasta ya kan aika da lissafin taragun da ya ja, da kayan da ya ɗauka, da inda ya sauke. Shugaban tasha shi ma ya aika da nasa dabam. Sai a aza takardun nan biyu kusa da juna. In kwandasta ya ce ya bar taragu 6 a tasha kaza, shugaban tasha kuwa ya ce 5 ya gani, ai ba sai an aika da ɗan leƙen asiri ba, takarda ta riga ta tona. Kowane wata kuma a kan tara duka a fitar da abin da aka kashe wajen ɗaukar ton guda na kaya tafiyar mil guda, yanki yanki, har inji inji. Ta haka manaja yana zaune a ofis zai gane injin da ke cin itace da mai fiye da kima, da yankin da taragunsa ke komowa wofi.

Akwai wani sharaɗi nasa da na ga ya isa a lura da shi. Ya ce a tattara labarin nan ta hanyar da ba za ta kunyatar da shugabannin yanki ba, ba kuwa za ta rage musu kwarjini a idon mutanensu ba. Watau bai so babban manaja ya riƙa tsallake na tsakiya yana sauraron tsegumi daga ƙasa. Wanda ya taɓa riƙon jama'a, ko da ta mutum 10 ce, ya san ɓarnar da irin wannan ke yi.

Zanen kansa, wanda wani injiniya mai suna George Holt Henshaw ya zana masa a 1855, bai yi kama da na ofisoshin yanzu ba. Na yanzu shugaba yana can bisa, sauran suna ƙarƙashinsa kamar dala. Na McCallum itace ne. Shugaban kamfani da 'yan majalisarsa su ne saiwoyi a ƙasa. Manyan rassa su ne yankunan hanyar, da sassan gyaran inji, da taragu, da gadoji, da waya. Ganyaye kuwa su ne masu sayar da tikiti, da direbobi, da helmomi, da leburori, an nuna yawansu tasha tasha. Henry Varnum Poor, editan jaridar American Railroad Journal, ya yaba da shi ƙwarai, har ya sa aka buga shi ana sayarwa dala guda guda. Akwai guda a ajiye a babban ɗakin littattafai na Majalisar Amurka a Washinton. Kamfanin Pennsylvania ya ɗauki irin wannan tsari ya ƙara gyara shi, a can ne kuwa wani saurayi Andrew Carnegie ya koyi lissafin kowane anini, ya kai shi cikin sana'ar ƙarfe inda ya yi dukiya mai yawan gaske.

Doka ta shida

Kada mai karatu ya zaci kowa ya yi murna. Cikin dokokin da McCallum ya kafa a 1854 akwai wadda a ke kira doka ta 6. Ta ce in jirgi ya sauka daga kan dogo a wurin juya hanya, a tashar da ya kamata ya tsaya, laifin direba ne, ko da mai juya hanyar ne ya yi kuskure. Hukuncinsa kora. Abin da ya fi wa direbobi ciwo kuma shi ne, a kan aika da sunan wanda aka kora zuwa waɗansu kamfanoni, ya zama ba shi da wurin cin abinci ko'ina.

McCallum yana da hujjarsa, ba kuwa ta banza ba ce. Direban da zai tsaya a tasha, in ji shi, ya kamata ya rage gudu har ya ga yadda hanya ta ke da idonsa. Rayukan fasinja suna bayansa, gara jirgi ya yi latti da a kwashi gawa. Amma direbobi suka ce, ana matsa musu su cika lokaci, ana kuma hukunta su a kan kuskuren mutumin da ba su suka ɗauke shi aiki ba, ba su kuwa da ikon tsawata masa. A watan Yuni 1854 suka yi yajin aiki na kwana 10, jirage suka tsaya cik, sai da aka yi musu bayanin da ya kwantar da hankalinsu suka koma. Wutar ba ta mutu ba. Aka ci gaba da korar direbobi, a watan Oktoba 1856 suka sake fita. Wannan karo kamfani ya ƙi sassautawa, ya ɗebo sababbin mutane daga ko'ina, da yawansu ba su iya aikin ba, suka lalata injuna, kamfani ya yi hasara mai yawa. A 1857 McCallum ya ajiye aiki.

A ganina direbobi sun fi shi gaskiya a nan, da ma'aunin da shi kansa ya yanka kuwa na ke aunawa. Shi ne ya rubuta cewa iko ya zama daidai da nauyi. Doka ta 6 ta ɗora wa direba nauyi ba tare da iko ba. Ga wani abu kuma. Cikin itacen nan nasa, lissafi yana gangarowa daga ganye zuwa saiwa kowace sa'a, amma ba a yi wa kuka hanyar da zai bi ba. Manaja ya san yawan itacen da kowane inji ya ci jiya, bai san abin da ke cin zuciyar mai tuƙa shi ba sai ran da jirage suka tsaya.

Ya koma sana'arsa ta dā. A 1858 ya kafa kamfanin gina gadoji da sunansa, ya yi ta gina su a Amurka da Kanada.

Yaƙin basasa

A 1861 yaƙi ya tashi tsakanin jihohin Arewa da na Kudu. Tushen rigimar bauta ce. Jihohi 11 na Kudu, masu riƙe da bayi baƙaƙen fata, suka ɓalle bayan an zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa. Ƙasar tana da faɗi ƙwarai, aka kuwa gane da wuri cewa wanda ya iya kai sojoji da abinci da harsashi da sauri shi zai rinjaya. A ƙarshen Janairu 1862 Majalisa ta ba Lincoln iko ya karɓe kowace hanyar jirgi da waya in yaƙi ya bukata. Ran 11 ga Fabrairu, Edwin Stanton, ministan da ke kula da sojoji, ya naɗa McCallum shugaban hanyoyin jirgi na soja, da muƙamin Kanar. Abin da ke hannunsa ran nan mil 7 ne kacal, daga Washinton zuwa Alexandria. Kamfanonin Arewa ba a cika karɓe su ba, gama sun ba da haɗin kai. Aikinsa ya zama na hanyoyin Kudu da aka ci da yaƙi, waɗanda a kan tarar an ƙone gadojinsu, an tumɓuke dogo an gasa shi cikin wuta an murɗe.

Da fari shi yana Washinton yana neman injuna da taragu da ma'aikata, wani injiniya gwani mai suna Herman Haupt kuwa yana fagen aiki a Virginia. Haupt ne ya gina gadar rafin Potomac Creek a watan Mayu 1862, tsawonta ƙafa 400, cikin kwana 9, da ɗanyen itace da sojojin da ba su san aikin ba. Lincoln da ya gan ta ya yi mamaki, ya ce shi bai ga kome cikinta ba sai karan masara da sandunan wake, ga jirage kuwa suna wucewa a kai. Yabon wannan na Haupt ne, kada a ba McCallum.

Babban abokin gāban aikin ba sojan Kudu ba ne kaɗai, har da hafsoshin Arewa. Kowane Janar yana so nasa jirgi ya riga wucewa. Wani ya tsare jirgi don bai gama shiri ba, wani ya bar taragu cike da kaya kwana da kwanaki ya mai da su sito. A kan dogo guda kuwa, jirgi ɗaya in ya tsaya duka sun tsaya. Sai da ma'aikatar yaƙi ta ba da umurni mai tsanani cewa kada hafsa, kome girmansa, ya sa baki cikin tafiyar jirage, a kuma sauke kaya nan da nan a mai da taragu. Ku duba yadda abu ya juya. Dokan nan ta cewa mutum daga na bisansa kaɗai zai karɓi umurni, wadda ta zama kamar bulala a Erie, ita ce a nan ta zama garkuwar direba da shugaban tasha a gaban Janar mai fushi.

A watan Satumba 1863 aka ci sojojin Arewa a Chickamauga, suka koma cikin garin Chattanooga, aka kewaye su, yunwa ta soma. Stanton ya tara manya da dare, ya ce a kwashi runduna daga Virginia a kai musu gudummawa da jirgi. Waɗansu suka ce sai an yi makonni da yawa. McCallum da mutanensa suka yi lissafi suka ce za a iya cikin kwanaki. Aka raba tafiyar kashi kashi. Shi ya ɗauki farkonta daga Virginia zuwa Washinton, John Garrett na kamfanin Baltimore and Ohio ya ɗauki tsakiya, Thomas Scott na Pennsylvania ya karɓa daga Louisville. Jiragen fari suka tashi ran 25 ga wata. Tafiyar wajen mil 1,200 ce, ta kan kamfanoni dabam dabam waɗanda faɗin dogonsu ma ba ɗaya ba ne, sai a sauka a sake jirgi, aka kuma haye kogin Ohio sau biyu. Duk da haka cikin kwana 12 sojoji fiye da 20,000 sun isa, igogi da dawakai suna biye.

A watan Fabrairu 1864 aka ƙara masa riƙon hanyoyin yamma, inda daga baya Janar Sherman ya yi shirin tafiya Atlanta. Ya raba mutanensa ƙungiya biyu, masu tafiyad da jirage da masu gini. Cikin masu ginin nan akwai bayi da yawa da suka gudo daga gonakin iyayengijinsu, suka kama gatari da shebur suna aiki a kan lada. Hanyar da ta ciyad da rundunar Sherman dogo guda ce, mil 473 daga Louisville ta Nashville da Chattanooga, cikin ƙasar abokan gāba. Sherman da kansa ya yi lissafi daga baya, cewa ta ciyad da mutum 100,000 da dabbobi 35,000 har kwana 196, da a ce da kekunan alfadarai za a yi, sai an sami keke 36,800, kowane da alfadari 6, abin da ya ce ba shi yiwuwa a irin hanyoyin ƙasan nan.

Mahayan Kudu kullum suna yanke hanyar, masu gini kullum suna gyarawa. Su kan sassaƙa katakan gada tun da wuri su ajiye, da an ƙone wata sai a loda madadinta a jirgi. Gadar kogin Chattahoochee, tsawonta ƙafa 780, tsayinta wajen ƙafa 90, cikin kwana 4 da rabi aka tsai da ita. A watan Oktoba 1864 Janar Hood na Kudu ya lalata fiye da mil 35 na dogo, bayan kwana 13 da tashinsa jirage suna bi. Har sojojin Kudu suka riƙa ba'a, wai ba amfani a rushe hanyar da aka huda cikin dutse, gama Sherman yana tafe da wata a ajiye.

Sa'ad da yaƙi ya ƙare a 1865, ma'aikatar da ta soma da mil 7 ta riga ta riƙe mil 2,105, da injuna 419, da taragu 6,330. Ma'aikatanta sun taɓa kai kusan 25,000. Aka girmama McCallum da muƙamin Birgediya a 1864, da na Manjo Janar a 1865. Sauran aikinsa shi ne mai da hanyoyin ga masu su, da sayar da injuna da taragun gwamnati, da rubuta rahoton abin da aka yi duka. A ƙarshen Yuli 1866 ya tuɓe kayan soja.

Bai sake riƙon wata babbar hanyar jirgi ba. Wani abin mamaki, mutumin nan na jadawali da lissafi ashe yana rubuta waƙoƙi, a 1870 ya buga ɗan littafinsu. Ya rasu a Brooklyn ran 27 ga Disamba, 1878, yana da shekara 63, aka kai shi Rochester aka binne a makabartar Mount Hope, inda daga baya aka binne Frederick Douglass, bawan nan da ya gudu ya zama babban mai yaƙi da bauta. Gadojinsa kuwa ƙarfe ya kore su, aka rushe su ɗaya ɗaya. Guda ce ta rage, a Powerscourt cikin lardin Quebec na Kanada, bisa kogin Châteauguay. An gina ta a 1861, an yi mata rufi domin ruwa da ƙanƙara, ba ta jirgin ƙasa ba ce ma, an yi ta ne domin kekunan doki da masu tafiya a ƙasa.